Jera kalmomin Turanci masu haruffa iri ɗaya ba shi ne iya Turanci ba

Kwanakin baya ƙanena da ke shirin jarrabawar JAMB ya nuna min littafinsa. Shafi huɗu cike da kalmomin Turanci, kowacce da "ght" a cikinta: light, tight, bought, daughter, haka har ƙasa. Daga wata manhaja ya kwafo su, irin wadda za ka rubuta harafi biyu ko uku ta zazzago maka duk kalmar da ke ɗauke da su. Na nuna masa "fraught" na ce ya sa min ita a jimla. Ya yi shiru. Rubuta ta kam ya iya ba kuskure, amma bai san abin da take nufi ba.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na bi ta wannan hanyar. Lokacin da nake koyon Python a tsohuwar kwamfutar da na saya ta hannu, ɗaya daga cikin abubuwan farko da na haɗa shi ne 'yan layuka da ke tace kalmomi daga wani babban fayil. Na fitar da duk masu "qu", na yi mako biyu ina hadda. Yau ko goma ba zan iya kawowa ba.

Dalilin a fili yake. Irin waɗannan manhajoji don 'yan wasa aka yi su, masu buga Scrabble da Wordle. Wordle ɗin nan da Josh Wardle ya saki a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, abin da yake nema a wajenka shi ne ka canki kalma mai harafi biyar cikin gwaji shida. Za ka iya cinye wasan ba tare da ka san ma'anar kalmar ba. Wasa ne mai daɗi, ni ma ina bugawa, amma ba darasi ba ne.

Akwai kuma tarko a wajen furuci. Though, through, tough da cough duk suna ƙarewa da "ough", amma kowacce da yadda ake faɗinta. Mu da muka saba da Hausa, inda kusan yadda ka ga harafi haka za ka furta shi, idan muka haddace su a jere sai mu karanta su da murya ɗaya, a je wajen ganawar neman aiki a ji kunya.

Abin da ya canza min tunani kalma ɗaya ce da nake rubutawa kullum a saman aikina: import. Wata rana na duba asalinta, na ga "port" ɗin daga kalmar Latin ce, portare, wato ɗaukar kaya. Nan take sauran suka buɗe. Import, ɗauko abu zuwa ciki. Export, ɗauke shi zuwa waje. Su ne biyun da kake gani a wayarka idan za ka kwashe lambobin mutane zuwa sabuwar waya. Portable, abin da za a iya ɗauka a yi yawo da shi. Porter, ɗan dako. Deport, a ɗauke mutum a fitar da shi daga ƙasa. Support, ɗaukar abu daga ƙarƙashinsa, wato tallafi. Report, ɗauko labari a dawo da shi. Kalma bakwai a zama ɗaya, kuma har yau ba wadda ta ɓace min, saboda haruffan da suka haɗa su suna ɗauke da ma'ana.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya san ɗinki ba sai an fassara masa maɗinki ba, wanda ya san buɗewa ya san mabuɗi. Haka ilimi da malami, daga saiwa ɗaya ta Larabci suka fito. Dabarar da muke amfani da ita a harshenmu ce ba tare da mun lura ba.

Sai dai a yi hattara, ba duk mai kama da ɗan gida ne ɗan gida ba. "Port" ɗin da ke cikin airport daga wata kalmar Latin ce daban mai nufin tashar jirgin ruwa. Shi ya sa nake duba asalin kalma a ƙamus irin Merriam-Webster kafin in sa ta cikin dangi.

Wani abokina ya ce min ai jerin yana gyara rubutu. Na yarda da shi rabi. Receive, deceive da perceive, ganinsu tare yana hana ka juya "ei" ɗin. Amma su ma ɗin 'yan saiwa ɗaya ne, don haka hujjarsa ni ta taimaka wa.

Idan za ka gwada, ba sai ka ƙona data ba. Allon wayarka ya isa farawa: install, uninstall, reinstall, view, preview, review, upload, download. Ɗauki dangi ɗaya a mako, ka sa kowace kalma a jimlar da za ka iya tura wa wani a WhatsApp.

Ƙanena yanzu yana kan "spect", mai nufin dubawa: inspect, suspect, respect, spectacles. Jiya da dare ya turo min saƙo yana tambaya ko expect tana cikinsu, tunda babu "s". Tana ciki. Harafin "x" ne ya haɗiye shi.