Ba A Auna Kashi Biyu Bisa Uku Da Kunne

Ranar 20 ga Maris, 2025, majalisun tarayya biyu suka amince da dokar ta-ɓacin da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana a Jihar Ribas, wadda ta dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar dokokin jihar na wata shida. Da ƙuri'ar murya aka yanke hukuncin: aka nemi masu goyon baya su ɗaga murya, aka nemi masu adawa, aka buga guduma. Wa'adin ya cika a watan Satumba, gwamnan ya koma kujerarsa, amma har yau babu takardar da ta nuna sunayen waɗanda suka amince, balle yawansu.

Ba kowane ƙudiri ne ke buƙatar ƙirga ba. A harkokin yau da kullum, kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda a zauna da kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa, wato sanatoci 37 ko wakilai 120, kuma rinjayen masu jefa ƙuri'a ya wadatar. Idan 37 ne kawai a zauren, sanatoci 19 sun isa su zartar da ƙudiri. A nan murya na iya biyan buƙata.

Sashe na 305 kuwa adadi ya gindaya: kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, har da waɗanda ba su halarta ba. Sanatoci 73 ke nan daga cikin 109, da wakilai 240 daga cikin 360. Kunnen shugaban majalisa, komai kaifinsa, ba zai bambance muryar mutum 239 da ta 240 ba. Rajistar halarta ma ba ta maye gurbin ƙuri'a, domin wanda ya sa hannu da safe yana iya yin shiru, ko ya fice kafin a zo kan batun.

Majalisar ta taɓa ɗanɗana kuɗar irin wannan sakaci. A 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu kan gyaran tsarin mulki karo na huɗu, kuma cikin hujjojinsa akwai cewa bayanan zaman majalisa ba su nuna an samu kashi huɗu bisa biyar da ake buƙata kafin a taɓa sashe na 9 ba. Aikin shekaru, da zagayen jin ra'ayin jama'a, da amincewar majalisun jihohi, duk suka tafi a banza. A ɗaya ɓangaren, ranar 1 ga Maris, 2022, an ƙirga ƙuri'u a kan gyare-gyare 68. Ƙudirorin da suka shafi mata sun faɗi, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, amma babu wanda ya yi musun alƙaluman. A lokacin dai akwai na'urar ƙirga ƙuri'a a zauren.

Lamarin ya shafi ma'aikatan tarayya kai-tsaye. Su ne ke fitar da kuɗi da rubuta wasiƙun aiwatarwa bisa ƙudirin majalisa, su ne kuma za a kira su yi bayani idan an ƙalubalance shi a kotu. Ya kamata majalisun biyu su rubuta a dokokin zamansu cewa duk inda tsarin mulki ya ambaci adadi, ko ta-ɓaci ce, ko tsige shugaban ƙasa, ko tsallake ƙin sa hannunsa, dole a ƙirga, a buga sunaye a bayanan zaman ranar. Kafin nan, kowane sanata ko ɗan majalisar wakilai yana da damar miƙewa ya nemi a ƙirga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, kuma aikin hadiminsa ne ya tuna masa tun kafin a shiga zaure.