CIYAWA TA ƘOSHI DA RUWA, TALAKA NA KWANA DA ƘISHI!

A unguwar Maitama ta Abuja akwai filin ƙwallon lambu mai ramuka 18, wanda aka buɗe a 1991 da sunan IBB, daidai lokacin da tsarin SAP ke gasa wa talaka aya a hannu. Yau kuma masu irin waɗannan filaye a duniya sun ɓullo da sabon salo: wai su ne masu kare muhalli, tunda suna dasa itatuwa, suna tsimin ruwan ban ciyawa.

Wannan rainin hankali ne! Mai son ganin matsalar muhalli ya je Mai'adua, bakin iyakar Nijar, inda iska ke kwashe ƙasar gona, yara na layin ruwa da jarkoki. Tun 2007 shugabannin Afirka suka amince da shirin katangar itatuwa don tare hamada, a 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. To, a tambayi manomi inuwa nawa ya gani!

Musulunci ya hana ɓarnar ruwa ko da a alwala a bakin kogi, ya kuma sanya ruwa da makiyaya haƙƙin kowa. Tsarin da ke shayar da ciyawar wasa ya bar mutum da ƙishi zalunci ne, ko bishiya nawa aka dasa.

Saboda haka 'yan uwa matasa kada su jira azzalumai. Kowa ya dasa aduwa ko bedi, ya raine ta, ya kuma ci gaba da faɗin gaskiya. Allah na nan a madaka!