DAGA ZANGON AGEGE: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi a Zangon Agege bayan sallar lisha ya san yadda al'amarin yake faruwa. Ga 'yar sifika an ɗora bisa gwangwanin madara, ga wayar mai shayi a gefen burodi, marigayi Alhaji Mamman Shata yana tsakiyar waƙa, 'yan amshi sun karɓa, kalangu ya yi zafi, sai kawai a ji tsit. Mai shayi ya ajiye cokali, ya goge hannu, ya danna, waƙa ta ci gaba. Kafin ya gama soya ƙwai ta sake tsayawa. A nan ne majalisa kan rabu uku: wannan ya ce sabis ne, wancan ya ce wayar ce ta tsufa, na ukun kuwa ya rantse kamfani ne ke yin haka da gangan don a ƙara sayen data. Ba safai akan sami wanda zai ce a tsaya a duba ba.

Abin kamar na dariya ne, amma kuɗi yake ci. Akwai mai gadin da ya ƙara sayen data alhali wadda ke cikin wayarsa ba ta ƙare ba. Akwai telan da ya sayi sabon batir, ya dawo gida ya tarar ciwon yana nan. Mafi ban tausayi shi ne wanda ya ɗauki waya ya shiga mota har kasuwar kwamfuta ta Ikeja, aka ce masa sai an yi mata filashin, ya biya, ya koma Agege ba lambar kowa a ciki, ba hotunan iyalinsa da ke Arewa, ba lissafin bashin da yake bin mutane, sa'an nan da dare ya yi waƙa ta tsaya inda ta saba tsayawa.

Hausawan Agege dai ba yau suka fara sauraren gida daga nesa ba. Tun bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano cikin shekarar 1912, fataken goro suka yawaita a wannan wuri har zangonsu ya zama gari, muryar mawaƙan Arewa take biyo su, da fari a faifan garmaho, daga baya a gidan rediyon Kaduna, kana a kaset. Kowanne da irin ciwonsa, amma ciwon a fili yake. In rakoda ta cinye zaren kaset, a jawo shi a sa biro a naɗe. In muryar Ɗan Maraya Jos ta yi nauyi tana jan ƙafa, yaro ma ya san batir ne ya yi sanyi, a cire a shanya a rana. Ko zamanin memori da masu tura waƙa a bakin titi, waƙar tana cikin waya, in ta ƙi ci an san inda za a duba. Daga shekarar 2015, sa'ad da manhajar Boomplay ta fito a wayoyin Tecno, sai al'amari ya sake salo. Audiomack ta buɗe ofis a Ikko a 2020, YouTube Music ta iso Nijeriya a wannan shekarar, Spotify kuma ta biyo baya cikin watan Fabrairu na 2021. Yanzu waƙar ba ta cikin waya, kuma laifin ba ya ganuwa da ido.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci wannan kafin kome. Manhaja ba ta ɗauko waƙa gaba ɗaya. Tana karɓarta ne kaɗan kaɗan daga wata babbar kwamfuta mai nisa, tana tarawa a wani ɗan rumbu, tana kunnawa daga abin da ta tara. Kamar randa ce da mai ruwa ke zuba wa garwa garwa, mutanen gida kuma suna ɗiba ba fashi. Muddin mai ruwa yana zuwa kan kari, ba wanda zai san randa ƙarama ce. Ran da ya makara, sai moɗa ta taɓa ƙasa.

Saboda haka gwaji na farko ba ya bukatar ko kwabo. A sauke waƙa guda a cikin manhajar, ko a nemo wadda take cikin waya tuntuni, a kashe data, a kunna ta, a saurara har ƙarshe. In ta tafi sumul ba tangarɗa, to waya lafiyarta lau, maganar ta sabis ce. In kuwa ta tsaya duk da haka, to a sallami kamfanin sadarwa, ba shi da hannu.

A ɗauka maganar ta sabis ce. Abin da kan ruɗi mutane shi ne ganin sandunan sabis a cike a saman waya. Sandunan nan ƙarfin siginar ƙarfen sabis kaɗai suke nunawa, ba su faɗin yawan mutanen da suka rataya a jikinsa. A unguwa mai cunkoso irin Agege, da almuru, sa'ad da aka taso daga kasuwa da mayankar Oko-Oba kowa ya buɗe wayarsa, hanyar takan cushe kamar yadda titin Pen Cinema yake cushewa kafin a buɗe gadar sama a 2021. Wanda ke cikin motar haya ko jirgin ƙasa kuma wayarsa tana ta sauya ƙarfe, tana faɗawa daga 4G zuwa 3G, kowace sauyawa kuwa da ɗan jinkirinta. Wani lokaci ma abin ya wuce Ikko gaba ɗaya. Ran Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, manyan wayoyin intanet guda 4 na ƙarƙashin teku suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Allah kaɗai ya san yawan wayoyin da aka kai wa masu gyara a wannan rana ba su da laifin kome.

Maganin cushewar hanya shi ne rage kaya. Kowace manhaja tana da wurin zaɓen ingancin sauti. A Spotify, ga misali, matsakaicin sauti yana cin wajen megabait 43 a awa guda, na sama da shi wajen 72, na gaba da wannan kuwa wajen 144, alhali mafi ƙanƙanta bai wuce 11 ba. Wanda ke saurare da 'yar sifikar da aka saya a bakin tasha, a tsakiyar ƙarar janareto da ham ɗin motoci, kunnensa ba zai taɓa rarrabe na 43 da na 144 ba, aljihunsa ne kaɗai zai rarrabe. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, wannan lissafi ya daina zama na masu son ƙwaƙƙwafi. Abin da ya fi wannan ma shi ne saukewa. Tafsiri na awa guda, ko doguwar waƙar Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo, wadda za a maimaita kullum, ba dalilin da zai sa a riƙa sayenta sabuwa kowace rana. A sauke ta sau ɗaya da tsakar dare sa'ad da hanya ta yi sauƙi, ga kuma data mai rahusa da kamfanoni kan sayar ta dare. Audiomack tana barin sauke waƙoƙi da yawa kyauta. Spotify sai mai biyan kuɗin wata, kuma tilas ya leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ya sauke ya kulle.

To, amma babban mai laifi, wanda ba a cika zarginsa ba, yana cikin wayar kanta, kuma da sunan taimako yake aikinsa. Alamarsa guda ce: waƙa tana tafiya daidai muddin fuskar waya tana haske, da zarar ta yi duhu, ko an sa ta a aljihu, ko an shiga WhatsApp, bayan 'yan mintoci sai shiru. Tun daga 2015 kamfanin Google ya sa wa Android tsarin da ke sa manhajoji barci don tattalin batir. A ƙa'idarsa, manhajar da ke kunna sauti ba ta cikin waɗanda ake kwantarwa. Sai dai masu ƙera wayoyi da dama sukan ƙara nasu masu gadin a kai, domin sun san abin da mai saye ke fara tambaya shi ne kwana nawa batir ke yi. Ba a ga laifinsu sosai ba. Mutumin da wuta kan yi yini ba ta zo masa ba, wanda ke biyan kuɗi a shagon caji, da hannunsa yake kunna tattalin batir ya bar shi a kunne dare da rana. Mai gadin nan kuwa ba ya tambayar baƙo ko ɗan gida, duk wanda ya gani a tsaye bayan an rufe ƙofa sai ya kore shi.

Gyaran ba wuya. A shiga saitin waya, a nemi jerin manhajoji, a zaɓi ta waƙar, a shiga sashen batir, a ba ta izinin aiki ba tare da taƙaitawa ba. A nan kusa akwai wurin ba ta damar cin data ko da ba a buɗe take ba, musamman in an kunna tsarin tsimin data. A wayoyi da yawa, in an buɗe jerin manhajojin da aka yi amfani da su kwanan nan, akwai alamar kwaɗo da ake danna wa manhaja don kada a share ta. Sunayen sun bambanta tsakanin Tecno da Infinix da itel da Samsung, amma hanyar kusan ɗaya ce, ɗan makarantar sakandare zai gama ta kafin shayi ya huce. Sauran manhajojin nan masu alamar tsintsiya ko roka, masu alkawarin wanke waya da ƙara mata gudu, aikinsu ke nan kashe abin da ke gudana a ɓoye, waƙa kuwa tana ciki. Mai waya ƙarama, wadda ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce gigabait 1 ko 2 ba, shi kam sai haƙuri da rage buɗe-buɗe: in Facebook da TikTok da WhatsApp suka cika ɗaki, wayar da kanta za ta fitar da wani, kuma sau da yawa mawaƙin ne ke fita.

Akwai tsayawar da ba ciwo ba ce, ciniki ne. YouTube na kyauta, in an rufe fuskar waya, tsayawa yake yi, haka aka gina shi, ci gaba da sauti a ɓoye na masu biya ne. Ba mai gyaran da zai warkar da wannan. Haka kuma tsayawar da waƙa kan yi in kira ya shigo ko an buɗe saƙon murya, ladabi ne aka koya wa manhaja, ta ba wani wuri, ko da yake wani lokaci takan manta ta dawo.

Sai maganar aron asusu, wadda ta fi kowace jawo ɓacin rai tsakanin 'yan'uwa. Mutum ya biya kuɗin wata, ƙaninsa a Funtuwa ya ce Yaya a taimaka da lambar sirri, ya ba shi, ƙanin ya ba abokinsa, abokin ya ba budurwarsa. Asusun mutum ɗaya na Spotify waya ɗaya yake yi wa waƙa a lokaci guda. Da wani ya danna a Funtuwa, ta Agege ta tsaya, na Agege ya danna, ta Funtuwa ta tsaya, a kwana ana ja-in-ja ba wanda ya san da wa yake yi. Manhajar takan rubuta dalilin a fuskar waya, amma da Turanci, kuma wayar tana aljihu. Wanda ya ga waƙarsa tana tsayawa ko tana sauyawa zuwa wadda bai taɓa zaɓa ba, ya sake lambar sirri, ya fitar da dukan wayoyin da ke kan asusun, sa'an nan ya shirya amsar da zai ba gida.

Abin kunne ma yana da nasa. An tsara waya ta tsayar da sauti da zarar an zare abin kunne, don kada ta tona wa mai ita asiri a cikin jama'a. In ramin ya cika da ƙura da zaren aljihu, ko wayar abin kunnen ta fara karyewa, motsi kaɗan sai waya ta zaci an zare. Gumi da ruwan saman Ikko kuma sukan shiga ɗan maɓallin da ke jikin igiyar ya riƙa danna kansa. A kashe waya, a share ramin a hankali da tsinken sakace, ba da allura ba, a gwada wani abin kunnen. Sifikar bulutut kuwa iyakarta wajen mita 10 ne in ba bango, kuma in cajinta ya yi ƙasa yankewa take yi.

Akwai wanda duk wannan zai gundure shi ya ce gara ya koma wajen masu turi, a cika masa memori ya huta. Yana da hujja, memori ba ta san cunkoso ba. Sai dai a tuna cewa mawaƙin da ya shiga situdiyo a Kano ko Kaduna ya biya kuɗi, ba ya samun ko sisi daga abin da aka tura a bakin titi, alhali saurare ta manhaja, kome ƙanƙantar abin da ke zuwa, akwai lissafinsa. Ga kuma jabun memori da suka cika kasuwa, waɗanda kan nuna girman da ba su da shi, su laƙume waƙoƙi, su ma su riƙa tsayawa.

In an bi duk waɗannan, an sabunta manhajar, an goge tarkacen da ta tara, har an cire ta an sake sawa, amma sauti yana yankewa a kowace manhaja, ko waya tana zafi tana mutuwa da kanta, a nan ne maganar mai gyara ta taso. Masu Tecno da Infinix da itel suna da ofisoshin Carlcare, wanda kuma wayarsa ke cikin garanti ya fara da can, da rasit a hannu. Wanda ƙorafinsa na sabis ne ko na zaftarewar data, ya fara kai kuka ga kamfaninsa ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a share masa hawaye ba ya kira 622, layin hukumar NCC, kyauta ne. Kafin kuma a miƙa waya ga kowane mai gyara, a kwafe lambobi da hotuna, a cire layi da memori, a kuma gaya masa a gaban shaida cewa ba a yarda da filashin ba sai an dawo an yi shawara.