Masu cewa kankare ya isa, ku zo mu duba abin da ya kashe wutar Fukushima

Yau ba waya za mu kwance ba, amma zancen bai yi nisa da teburin gyara ba.

Duk lokacin da aka taso da maganar gina tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya, a Geregu ta jihar Kogi ko Itu ta Akwa Ibom, sai masanan Facebook su fito da amsa biyu. Wai mu ba a girgizar ƙasa a wajenmu. Kuma wai ko an yi, ginin da ke rufe tukunyar nukiliya kankare ne mai kaurin gaske, ba abin da zai same shi. Haba malam! Wa ya ce maka ginin ne ke fara mutuwa?

Duk mai gyara ya san wayar da ta faɗi ƙasa gilashinta bai ko tsage ba, amma ta ƙi kawo wuta. Ka buɗe sai ka tarar konektar batir ta ɗago, ko dalmar ƙarƙashin ai-si ta tsage. Jiki garau, ciki gawa. To tashar nukiliya ma haka take, sai dai ita idan wutarta ta ɗauke ba shiru take yi ba, zafi take ci gaba da yi.

Nan ne mutane ba sa ganewa. Ko an kashe tukunyar, makamashin da ke ciki ba ya hucewa nan take. A daƙiƙun farko yana fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin da yake yi lokacin aiki, bayan 'yan awanni ya sauko wajen kashi 1. Kashi 1 kamar ba komai ko? Tukunya ta 2 a Fukushima zafinta megawat 2,381 ne. Kashi 1 ɗinsa kusan megawat 24 ke nan, kamar ka kunna dutsen guga mai wat 1,000 guda 24,000 a cikin tukunya ɗaya. Dole ruwa ya yi ta zagayawa, kuma famfo, bawul da mitocin da ke nuna yawan ruwan yawancinsu da lantarki suke aiki. Tashar da ke ba gari wuta, ita ma da wuta take rayuwa.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgiza mai ƙarfin maki 9 ta afka wa Japan. Tukwane uku da ke aiki a Fukushima Daiichi sun kashe kansu kamar yadda aka tsara, ginin bai rushe ba. Amma girgizar ta lalata kayan wutar da ke shigo da lantarki daga waje, har wani dogon turken layin wuta ya faɗi saboda ƙasar kusa da shi ta zaftare. Janaretocin dizal suka tashi. Cikin ƙasa da awa ɗaya igiyar sunami mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta iso, alhali an yi lissafin kariyar wurin a kan mita 5.7. Yawancin janaretocin a ƙarƙashin ƙasa suke, haka akwatunan rarraba wuta, haka batiran tukunya ta 1 da ta 2. Ruwa ya cinye su. Akwai ma janaretocin da ruwa bai taɓa ba, amma ba su yi amfani ba saboda akwatin da zai karɓi wutarsu ya nutse. Sai da ta kai ma'aikata na ciro batiran motoci, suna jera guda goma masu bolt 12 don su samu bolt 120 su buɗe bawul. Ka ji fa, a Japan. Tukwane uku suka narke, mutum sama da 100,000 suka bar gidajensu. Janareta guda ɗaya da ya tsira a sashe na 6 shi ya ceci tukunya ta 5 da ta 6.

Na san wani zai ce ai wannan ruwa ne ya yi ɓarnar, ba girgiza ba, kuma Geregu ba bakin teku take ba. Gaskiya ne ruwa ne ya ƙarasa Fukushima, amma wa ya fara yanke wutar waje har aka koma dogaro da janareta? Kuma ga wuraren da ruwa bai shiga zancen ba.

A ranar 16 ga Yuli 2007 girgiza ta sami tashar Kashiwazaki-Kariwa mai tukwane bakwai. Ƙasar da ke kusa da wata taransfoma ta sashe na 3 ta lotsa, mahaɗin wutar ya goce, mai ya zubo, gobara ta tashi ta yi kusan awa biyu tana ci. Bututun ruwan kashe gobara sun fashe. Ɗakin da layin kiran 'yan kwana-kwana yake kuma ƙofarsa ta maƙale, ba a iya shiga ba. Ƙofa fa! A Onagawa, wadda ta fi Fukushima kusa da cibiyar girgizar 2011, sunami ba ta kai saman filin tashar ba, amma wata babbar na'urar yanke wuta irin wadda ake ratayewa a cikin akwati ta yi ta lilo har wuta ta haɗu, gobara ta kama. A Amurka ma, watan Agusta 2011, girgiza mai maki 5.8 kacal ta sa tashar North Anna ta rasa wutar waje, saboda na'urorin kariyar taransfoma sun ɗauka matsala ce suka yanke. Ba ginin da ya faɗi a ko ɗaya cikin waɗannan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rile. Wanda ya taɓa buɗe sitabilaiza ya san shi, wannan ɗan akwatin da ke yin ƙas-ƙas idan wuta ta yi sama ko ƙasa. A cikinsa ɗan harshen ƙarfe ne da sifirin ke riƙe da shi. Idan aka jijjiga shi da ƙarfi, harshen zai iya rabuwa ko ya haɗu na ɗan ƙiftawar ido, ya koma daidai. Ka duba shi daga baya lafiyarsa lau, amma ya riga ya ba da umarnin ƙarya: ya kashe famfon da ya kamata ya yi aiki, ko ya rufe bawul ɗin da ya kamata ya zauna a buɗe. Shi ya sa a gwaji ake sa ido ko da rabuwar kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa ce.

Gwajin kuwa ba wasa ba ne. Akwai ƙa'idar da ake kira IEEE 344. Ana ɗaure akwatin wutar a kan wani teburi mai jijjiga, da irin ƙusoshin da za a ɗaure shi da su a tasha, a yi masa matsakaiciyar girgiza sau biyar, sannan babba sau ɗaya, yana kunne ana kallon ko zai yi kuskure. Kafin nan ma sai an tsufar da shi da gangan ta hanyar gasa shi da zafi, don kayan da ya shekara 30 ba ɗaya yake da sabo ba, roba ta bushe, sifirin ya saki. Kuma ana lissafin benen da za a ajiye shi, don abin da ke hawa na sama ya fi na ƙasa jin jijjiga. Batira ma kantarsu sai an ɗaure ta an sa abin tsakani don kada su yi ta karo da juna su fashe.

To ga inda ni nake jin abin a jikina. Duk wannan gwajin, a ƙarshe takarda ce ake miƙo wa mai saye. Mu da muke sayen batir da caja a kasuwa mun san yadda ake manna tambarin orijinal a kan jabu. Kada ka ce ai harkar nukiliya ta wuce nan. A Koriya ta Kudu, 2012, an gano dubban ƙananan kayayyaki irin su fiyus da makunni an shigar da su tashoshi da takardun inganci na bogi, har aka rufe tukwane biyu. A 2013 aka sake gano wayoyin sarrafa na'urori da aka yi ƙarya a sakamakon gwajinsu, aka rufe wasu, mutane suka tafi gidan yari. Koriya ke nan, ƙasar Samsung.

Zancen ba a girgiza a wajenmu kuma, a je a faɗa wa mutanen Kwoi da ƙasa ta motsa musu a 2016, ko na Mpape a Abuja a 2018. E, ƙanana ne, ba a haɗa su da na Japan. Amma tasha shekara 60 ake so ta yi, kuma mun ga maki 5.8 ya isa ya yanke wuta. Ƙari a kan haka, a Japan wutar waje ba ta cika ɗaukewa ba sai da dalili. Mu kuwa babban layin wutarmu na ƙasa yana durƙushewa ba tare da ko iska ta kaɗa ba, wato janaretan da wasu ke ajiyewa don ranar tsautsayi, mu kullum a bakin aiki zai kasance.

Ni ba na adawa da nukiliya. Ƙaramar tukunyar bincike tana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, kuma wallahi mai shagon da ke ƙona fetur don ya kunna ƙarfen dalma ba zai ƙi wuta ba. Amma tun da an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, ina so in ji ana tambayar a wane bene za a ajiye batira, wa zai tsaya a kan teburin jijjiga ya ga gwajin da idonsa, kuma idan rile ɗaya ya lalace bayan shekara 15, daga wace kasuwa za a sayo madadinsa.

Wanda ke da ja ya zo da hujjarsa a ƙasa. Gobe in sha Allah za mu koma kan wayar da ke nuna tana caji amma batir ba ya hawa.