Zuwa Ga Matasan 'Yan Jaridar Damargu: Ku Daina Tona Asirin Mai Ƙara

'Ya'yana da ƙannena masu riƙe da makirfo da wayar salula, daga Tanut har Belbeji.

Na yaba muku, kuma ba da baki kawai ba. Maganar malamin da ke neman ɗalibarsa kafin ya ba ta maki, a zamaninmu ko a ɗakin labarai sai an rage murya ake yin ta. Ku kun fito da ita fili. Allah Ya saka muku. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kwanan baya ina zaune a rumfar wani mai sayar da gero, rediyo na rataye a jikin ginshiƙi, sai aka sako hira da wata yarinya da ke karatu a wata babbar makaranta. Ba zan faɗi tashar ba, ba zan faɗi makarantar ba. Mai gabatarwa ya ce ya sakaya sunanta. Daga nan ya faɗi garinsu, ya faɗi sana'ar mahaifinta, ya faɗi shekarar da ta ci jarrabawar BAC, ya kuma saki muryarta yadda Allah Ya halicce ta, tana magana tana shessheƙa. Mai geron nan yana cikin awo, tiya a hannunsa, ya tsaya cak, ya kira sunan ubanta. Ko minti biyu ba a yi da fara hirar ba. Shi kuwa wanda ake ƙara, har aka gama shirin sunansa "wani malami". Ba a faɗi sashensa ba, ba a kira shi a waya ba, ba a je ofishin shugaban makarantar ba.

Ku faɗa mini, wa kuka rufa wa asiri a nan?

Damargu ba Legas ba ce. A nan kowa ya san muryar 'yar kowa. 'Yan matan da suka tsallake firamare da koleji da lise har suka kai jami'a, a wasu ƙauyukanmu da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga su. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke nuna kusan 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, uban da ya bar 'yarsa ta hau mota zuwa Damagaram ko Maradi ko Yamai ya sha surutun dangi kafin ya yarda. Ranar da kuka watsa muryar 'yarsa, kun ba masu surutun nan gaskiya. Ƙannenta da ke aji shida su ne za su biya, don ba za a sake barin su su wuce ba.

Da muna yara a wannan aiki, da reza muke yanka zaren kaset, mu liƙe da salatif. Tsofaffin da suka koya mana sukan sa mutum ya saurari hira sau uku kafin ta hau iska, na ukun don ya ji abin da zai iya cutar da wanda ya yi maganar. Yau kuna da kwamfuta da ke sauya murya cikin ƙiftawar ido, amma ba ku da haƙurin danna ta. Wallahi wannan na ci mini rai. Malam Abubakar Imam, da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ya gina sunan jaridar ne bisa amanar masu aiko mata da wasiƙu daga ƙauyuka. Wa zai sake kawo muku kukansa in ya ga yadda kuka yi da na baya?

Abu na biyu kalma ce, kuma tana da alaƙa da na farko. Kuna cewa "an kama malami da ɗaliba suna lalata", ko "badaƙalar lalata a jami'a". Kalmar nan tana raba laifi biyu, ta ba kowa rabinsa. Alhali ɗaya na riƙe da jan biro da takardar jarrabawa, ɗaya kuma shekarunta uku na wahala da kuɗin geron ubanta ne a hannunsa. Wannan sunansa tursasawa, sunansa cin amana. Dokar ƙasarmu ma ta san bambancin: tun gyaran kundin hukunta laifuka na 2003, matsa wa mutum da umarni ko barazana don a biya buƙatar sha'awa da shi laifi ne mai ɗauri da tara, kuma hukuncin na ƙaruwa idan mai yin ya fake da muƙaminsa. Sau nawa kuka karanta wa masu sauraro wannan? Sau nawa kuka gaya wa yarinya cewa tana iya zuwa wurin jandarma ko mai gabatar da ƙara, kuma kada ta goge saƙonnin da ya turo mata?

Na san za ku ce kuna tsoron ƙarar ɓata suna. Tsoron na da tushe, kuma malami ma yana da haƙƙin kada a yi masa ƙazafi. Maganin wannan hujja ce. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, muryar Farfesa Richard Akindele da ɗalibarsa Monica Osagie ta naɗa a waya ita ce ta sa aka kore shi a 2018, kotu kuma ta ɗaure shi shekara biyu a watan Disamba na shekarar. Daga baya ita da kanta ta fito ta nuna fuskarta, ta yi magana. Binciken da 'yar jarida Kiki Mordi da sashen BBC Africa Eye suka fitar a watan Oktoba na 2019 kan jami'o'in Legas da Gana ya ci watanni ana tara shaida. 'Yan jarida ne suka shiga ofisoshin malaman da ɓoyayyar kyamara a matsayin ɗalibai, suka ɗauki haɗarin a wuyansu. Fuskar da duniya ta gani ta Dakta Boniface Igbeneghu ce, kuma nan take Jami'ar Legas ta dakatar da shi. Ku kuwa kun juya abin: yarinya a fili, malami a inuwa. Wannan ragwanta ce, ku yafe mini kalmar.

Ban ce sai kuna da kuɗin BBC ba. Sauya murya kyauta ne. Cire sunan gari kyauta ne. Neman ɗaliba ta biyu da ta uku da abin ya shafa, da kiran wanda ake zargi a ji ta bakinsa, da komawa makarantar bayan wata guda a tambayi inda ƙarar ta kwana, duk ba su fi ƙarfin kuɗin kati da ɗan man babur ba.

Na tsufa, wataƙila harshena ya yi kaifi, amma ku nawa ne. Yarinyar nan ta rediyo, na tambaya, an ce ba ta koma makaranta ba bayan hutu. Ina roƙonku don Allah, kafin ku saki hira irin wannan, ku kunna wa mai ita ta ji da kunnenta, ku tambaye ta ko akwai abin da za a gane ta da shi a kasuwar garinsu. In ta ce akwai, ku yanke.

Wassalam.
Naku, tsohon ma'aikacin rediyo, Tanut.