Kiwon Furen Katiliya a Tumfure: A Fara da Rumfa Kafin Gidan Leda

Duk wanda ya bi hanyar Bauci ta Tumfure, a bakin garin Gombe, zai ga yadda sababbin gidaje ke ta tashi, kuma masu su na neman shukokin ƙawata tsakar gida. Wannan ya sa wasu 'yan'uwa manoma, musamman matasa da ma'aikatan da suka yi ritaya, suka fara tambaya game da furanni masu tsada irin su katiliya, da kuma ko ya kamata su kafa gidan leda domin rainonsu. Ra'ayina shi ne, ana iya kiwon katiliya a Tumfure, amma wanda ya fara da rufaffen gidan leda irin na ƙasashen sanyi, zai kashe kuɗinsa ne ya dafa shukarsa. Abin da ya dace da mu shi ne rumfa mai inuwa da iska, da tukwane kaɗan, da haƙurin shekara guda.

Asalin shukar

Katiliya tana cikin dangin furannin da ake kira okid. Asalinta daga dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kamar Barazil da Kwalambiya da Benezuwela. An raɗa mata suna ne don tunawa da William Cattley, wani Bature ɗan Ingila, wanda ta yi fure a ɗakin rainonsa a shekarar 1818. Tun wajen 1859 masana suka fara auratayya tsakanin ire-irenta, har aka sami dubban ingantattun iri da ake sayarwa yanzu.

A daji, katiliya ba ta fitowa a ƙasa. A kan reshen itace take zama, saiwoyinta a waje suna shan iska. Sai dai kada a ɗauke ta kamar kauci, domin kauci yana tsotson itacen da ya hau, ita kuwa wurin zama kawai take nema. Ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita cikin sa'o'i kaɗan, sauran ruwan kuma ta adana shi a cikin kumburarren kararta. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin.

Me ya sa gidan leda bai dace da mu ba?

Turawa sun ƙirƙiro gidan gilashi ne domin su tsare zafi a lokacin ƙanƙara. Mu kuwa zafi ne ya yi mana yawa. Katiliya ta fi son zafin rana tsakanin digiri 21 zuwa 29, da dare kuma 13 zuwa 16, da danshin iska kashi 50 zuwa 80 cikin 100. Tana iya jure digiri 35 idan akwai inuwa da danshi da kaɗawar iska. A Gombe, cikin watannin Maris da Afrilu, zafi yakan kusanci digiri 40 a inuwa. To, ina ga cikin ɗakin da aka rufe da leda ta ko'ina? Ganyen zai ƙone, saiwa ta bushe, tohon fure ya zube tun bai buɗe ba.

Wani zai ce ai ana sanya fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Haka ne, amma wannan yana bukatar lantarki marar yankewa da ruwa mai yawa, kuma mutanen Tumfure sun san abin da ake kashewa wajen sayen ruwa da rani. Idan wuta ta ɗauke da tsakar rana ɗaya tak, aikin shekara ya tafi.

Don haka a kafa rumfa mai tsawon kamar mita uku, gefunanta a buɗe. A rufe samanta da ragar inuwa wadda ke tare rabin hasken rana, a ƙara wata a kai lokacin bazara. Wanda ba shi da halin raga, asabari ko zana mai sakwa-sakwa za su yi. Leda tana da amfani a wuri ɗaya: a shimfiɗa ta a rufi kawai a watannin Yuli da Agusta, don kada ruwan sama ya riƙa jiƙa tukwane kullum. A zuba tsakuwa da yashi a ƙasa a riƙa jiƙa su, a kuma rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara ta wajen da iska ke shigowa. Hikimar da ke sanyaya ruwan randa ita ce za ta sanyaya rumfar.

Hunturu ma yana da nasa alherin. Sanyin darensa ya yi daidai da abin da shukar ke so, kuma bambancin zafin rana da sanyin dare yana taimaka mata wajen yin fure. Matsalarsa ita ce bushewar iska da ƙura. A tare gefen arewa maso gabas da zana, a kuma goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma duk mako.

Kulawar yau da kullum

1. Tukunya: A yi amfani da ta ƙasa mai huji da yawa a gindi da gefe. Kada a zuba ƙasar gona ko takin gargajiya. A cika ta da gutsattsarin gawayi da tsingaro da ɓawon kwakwa wanda aka jiƙa aka wanke.

2. Ban-ruwa: A ba ta da safe, a zuba sosai har ya zube ta ƙasa, sa'an nan a bari cikin tukunyar ya bushe kafin a sake. Da zafi ana iya bayarwa bayan kwana biyu ko uku, da damina sau ɗaya a mako ya kan isa. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe ta. Ruwan sama ya fi kyau, domin na wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri wanda ke ƙona bakin saiwa.

3. Haske: Ganye shi ne zai gaya maka. Idan ya yi kore shar mai duhu, haske ya yi kaɗan kuma ba za ta yi fure ba. Idan ya yi ɗorawa ko baƙin tabo, rana ta yi yawa. Kore mai haske ake so.

4. Taki: A nemi takin zamani mai narkewa a ruwa, kamar 20-20-20, a sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin mazubinsa, duk bayan mako biyu a lokacin da take toho. Kada a barbaɗa mata yuriya. Sau ɗaya a wata a wanke tukunyar da ruwa zalla.

5. Ƙwari da cuta: A riƙa duba bayan ganye da gindin kara don ƙananan ƙwarin nan masu manne wa, da masu kama da auduga, a goge su da ruwan sabulu. Wuƙar da za a yi yanka da ita a gasa bakinta a wuta tsakanin shuka da shuka, domin akwai cutar bairos da ba ta da magani.

6. Sauya tukunya: Bayan shekara biyu ko uku, daidai lokacin da sababbin saiwoyi suka fara fitowa. Idan za a raba ta, kowane kashi ya kasance da kara uku ko huɗu.

Zaɓen iri da maganar kasuwa

A nemi irin da aka haɗa da masu jure zafi, kamar Brassavola nodosa da Cattleya violacea. A guji ƙananan nan masu jan fure da suka fito daga kan duwatsu, domin sanyi suke so. A sayi babbar shuka wadda ta isa fure, saboda daga iri zuwa fure yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Wanda zai shigo da ita daga waje sai ya sami izinin hukumar da ke tantance tsirrai a kan iyakokin ƙasa.

Dole kuma a faɗi gaskiya game da riba. Yawancin katiliya sau ɗaya take fure a shekara, furen kuma ya yi mako biyu zuwa huɗu. Masu ƙawata wuraren biki a nan sun saba da furen roba mai araha. Saboda haka ban ga dalilin cin bashi ko sayar da dabbobi domin wannan sana'a ba. A fara da tukwane goma a farkon damina, a rataya ma'aunin zafi a rumfa, a rubuta abin da ya nuna safe da rana a littafi. Idan shukokin suka ƙetare Afrilu lafiya kuma suka yi sabon toho, sai a ƙara. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ya ziyarci Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.