Kabarin Uba Ɗaya, Ƙofofi Biyu

Akwai wani gini a birnin Al-Khalil na Falasɗinu, wanda Turawa ke kira Hebron, da ya kamata mu yi nazari a kansa. Musulmi suna kiransa Masallacin Annabi Ibrahim, Yahudawa kuwa suna ce masa Kogon Makfela. Katangarsa ta duwatsu tana tsaye tun zamanin Sarki Hirudus, kimanin shekara 2,000 ke nan. Bangarorin biyu sun yi imani nan ne makwancin Annabi Ibrahim da Saratu, da Is'haƙu, da Yaƙubu, da matansu.

Sai dai tarihin wurin nan tarihi ne na mai ƙarfi ya hana marar ƙarfi. A ƙarni na 13 Sarki Baibars na daular Mamluk ya hana Yahudawa da Kirista shiga. Daga baya Bayahude ba ya wuce matakala ta bakwai a wajen ginin, haka aka zauna har 1967, lokacin da Isra'ila ta ci birnin da yaƙi. Tilas ne mu faɗi wannan ko da ba ta yi mana daɗi ba, domin wanda ya ɓoye laifin gidansu ba shi da bakin zargin na maƙwabci.

Daga 1967 reshe ya juye da mujiya. Ranar Juma'a 25 ga Fabrairu, 1994, cikin watan Azumi, wani likita ɗan kama-wuri-zauna mai suna Baruch Goldstein ya buɗe wa masallata wuta ana sallar Asuba, ya kashe mutum 29, ya raunata fiye da 100. To, wa aka hukunta? An rufe masallacin watanni. Da aka buɗe, sai ga shi an raba shi biyu: gefen Is'haƙu na Musulmi, gefen Yaƙubu na Yahudawa, kowa yana leƙen kabarin Ibrahim ta taga. An ba kowane ɓangare kwana 10 a shekara ya riƙe ginin duka. An kuma rufe kantunan titin Shuhada, wanda a da shi ne zuciyar kasuwar garin. Yau mai zuwa salla sai ya bi ta shingen soja, kuma sau da yawa ana hana kiran salla a ranakun ibadar Yahudawa.

Wani zai ce, ai rabon ya hana sake zubar da jini. Na yarda rai ya fi kome. Amma rabon da mai bindiga ya yi shi kaɗai, bayan kuwa shi ma yana da hannu a gardamar, sunansa danniya. Abin da aka yi wa Bayahude a matakala ta bakwai zalunci ne, abin da ake yi wa Bafalasɗine a shinge shi ma zalunci ne, kuma na jiya ba ya halatta na yau.

Hanya ta fi wannan tana nan kusa. A birnin Ƙudus, ɗarikun Kirista sun daɗe suna jayayya a kan Cocin Kabarin Almasihu, amma mabuɗin ƙofarsa yana hannun wasu gidaje biyu na Musulmi, Judeh da Nusaiba, tun ƙarnoni da dama. Abin ya ɗore domin mai riƙe da mabuɗin ba ya neman wurin wa kansa.

A ganina, wurin da al'ummu biyu ke girmamawa bai kamata ya zama ganimar yaƙi ba. A ba da amanarsa ga wanda duka suka yarda da shi, a rubuta lokutan ibada da yardar kowa, a kuma janye bindiga daga bakin ƙofa. Ku da gobe za ku zauna a ofis kuna sa hannu a kan filin masallaci ko na coci, ku tuna cewa ƙofar da ka rufe wa wani yau, wata rana mabuɗinta zai koma hannunsa.